Zangon da na daina sa maki a daftarin farko

Ɗalibar da ta fi kowa maki a ajina ita ce ta fara ɓacewa. Na mayar musu da jingar farko, ta duba saman takardarta ta ga 48, ta ninke ta jefa a jaka, ban sake sa ta a ido ba sai bayan mako uku. Da ta zo ofis ɗin ma ba tambayar inda ta kuskure ce ta kawo ta ba. Takardar ajiye kwas ta miƙo min in sa hannu.

Na ce, "Me ya yi zafi haka? Jinga ɗaya ce fa."

Ta ce, "Malam, tun da na shigo jami'a ban taɓa cin ƙasa da 70 ba. In dai iyakacin abin da zan iya ke nan, to kwas ɗin ba nawa ba ne."

Na yi mata nasiha ta kusan rabin awa, tana ta gyaɗa kai cikin ladabi. Da na gama ta sake turo takardar gabana. Na sa hannu.

Kwas ɗin da nake koyarwa na hanyoyin bincike ne, ga 'yan shekara ta uku, shi ke share musu fagen rubuta kundin kammala digiri. A nan ne ake fara ce wa ɗalibi ya kawo tambayarsa da kansa. Kafin nan, shekara goma sha wani abu wani ne ke yin tambaya, shi nasa ba da amsa, kuma amsar tana nan rubuce a wani wuri tana jiran a haddace ta. Ƙorafina a kansu biyu ne, kuma na daɗe ina maimaita shi a ɗakin malamai: abu kaɗan ke karya musu gwiwa, sannan in an ce su kawo batun bincike sai su kawo wanda 'yan bara suka kawo, an sauya kalma ɗaya ko biyu. Na ɗauka cuta biyu ce daban-daban. Sai da na kwashe shekara guda kafin na gane saiwarsu ɗaya. Wanda kuskure ɗaya zai iya ja masa asarar da ba ta gyaruwa ba zai taɓa gwada abin da ba a taɓa gwadawa ba.

Maganin da na fara yi shi ne wanda kowane malami ya fi iyawa, wato magana. Na karanta aikin Carol Dweck, musamman gwajin da ita da Claudia Mueller suka wallafa a 1998. Sun ba yara 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyi, suka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basirarsu su ne suka fi saurin karaya, suka fi zaɓen aiki mai sauƙi, wasunsu har ƙarya suka yi game da makin da suka ci. Ina karantawa ina ganin fuskar ɗalibar nan. Na zauna na shirya lakca guda cur a kan haka, na haɗa da labarin James Dyson da ya ƙera samfuri 5,127 kafin na'urarsa ta zuƙe ƙura ta yi yadda yake so. Na yi lakcar da dukkan ƙarfina. Aji ya yi tsit, biro na ta gudu a kan takarda. Da na ce ko akwai mai tambaya, wani daga baya ya ɗaga hannu.

"Malam, wannan adadin na Dyson zai fito a jarrabawa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na san na shuka dusa. Daga baya na ci karo da babban gwajin da David Yeager da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2019, a kan ɗaliban sakandare sama da 12,000 a Amurka. An koya musu wannan tunani na cewa basira tana ƙaruwa da aiki, a darasin da bai kai awa ɗaya ba. Ya yi tasiri, amma kaɗan: kimanin 0.1 a ma'aunin matsakaicin maki na GPA ga ɗalibai masu rauni, kuma ya fi kamawa a makarantun da ɗabi'ar sauran ɗalibai ta yi daidai da saƙon. Ke nan maganar ba ƙarya ba ce, sai dai tana buƙatar ƙasar da za ta tsiro a kai, ni kuwa ajina kan dutse ne.

Wata Farfesa a sashenmu, wadda ta girme ni a aikin da shekaru masu yawa, ita ta faɗa min abin ba tare da kwana-kwana ba. Ina ba ta labarin lakcar, ta ce, "Dokta, da baki kana ce musu kuskure ba laifi ba ne, da jan biro kuma kana yanke musu maki a kan kowane kuskure, makin nan kuwa zai bi su har takardar shaidar digiri. Wanne kake so su gaskata?" Ita ce ta nuna min aikin Ruth Butler na 1988 a Isra'ila. Butler ta raba yara kashi uku: wasu ana mayar musu da aiki da maki kawai, wasu da tsokaci kawai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka samu tsokaci kawai su ne aikinsu ya inganta. Masu samun duka biyun ba su fi masu maki kawai ba. Da ido ya sauka a kan lamba, rubutun da ke ƙasanta ya zama ado. Na tuna daren da nake kwashewa ina cika gefen takardu da bayani, sannan in ɗora lamba a sama in kashe shi da hannuna.

A hutun ƙarshen shekara na sake fasalin kwas ɗin. Ban taɓa kason makin da dokar jami'a ta ware wa jinga da jarrabawa ba, don haka shugaban sashe bai hana ni ba, ya dai ce in yi hattara kada ƙorafi ya iso teburinsa. Lokacin sa makin kawai na sauya. Jinga ɗaya ce tak a zangon, tsarin binciken da ɗalibi zai yi, amma sau uku za a kawo ta. Daftarin farko tsokacina kawai zai samu. Na biyu abokan aji biyu za su karanta. Na uku ne zai ci maki, kuma dole ya zo da wasiƙa mai shafi ɗaya: me ka sauya, wace shawara ka ƙi bi, kuma don me. Wani kaso na makin yana kan wasiƙar nan.

Ranar farko ta sabon zango na hango ɗalibar nan a layi na uku. Kwas ɗin na dole ne, ba ta da yadda za ta yi.

Ban zaci rashin maki zai tayar musu da hankali haka ba. Bayan na mayar da daftarin farko, sai ga su ɗaya bayan ɗaya a bakin ofis. "Malam, ko a ɓoye ne ka faɗa min, da za ka sa maki nawa zan ci?" Wani ya ce ya kasa barci don bai san matsayinsa ba. A ɗaya gefen kuma wasu sun ga banza ta faɗi: tunda ba maki, suka kawo rabin shafi da aka rubuta a tsaye. Waɗannan na mayar musu ban karanta ba, na ce daftari yana iya zama cike da kuskure, amma dole ya zama cikakke, kuma wanda bai kawo na farko ba ba zan karɓi na ukunsa ba. Ni ma sai da na gyara hannuna. A makon farko na yi ƙoƙarin gyara komai, har waƙafi da aya, na ga zan mutu a kan tebur. Sai na taƙaita a abu uku ga kowa: abu ɗaya da ya tsayu, matsala ɗaya mafi girma, da tambaya ɗaya da ba ni da amsarta. Abin mamaki, ukun nan sun fi ashirin ɗin da nake yi a da aiki, domin ɗalibi ya san inda zai fara.

Ɓangaren ƙirƙira shi ya fi ba ni wahala, kuma a nan na fi yin tuntuɓe. Na fara da gwajin nan na J. P. Guilford, wanda jawabinsa na 1950 a matsayin shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya farfaɗo da binciken ƙirƙira: a ba ka minti kaɗan ka lissafa duk abin da za a iya yi da bulo ɗaya. Aji ya yi armashi, an yi ta dariya, wani ya ce matashin kai ne ga mai taurin kai. Mako na zagayowa suka kawo min batutuwan bincike iri ɗaya da na bara. Wasan bulo bai tsallaka ya shiga aikinsu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya tsallaka ba, in na faɗi gaskiya.

Abin da ya yi aiki ba shi da armashi ko kaɗan. Na ce kada kowa ya kawo min batu ɗaya, ya kawo tambaya ashirin, a jere da lamba, yadda suka zo masa. Aka yi ta gunaguni. Amma da na zauna da takardun sai na ga abu ɗaya yana maimaituwa. Shida ko bakwai na farko duk na aro ne, abin da suka ji a lakca ko suka gani a tsofaffin kundaye. Na tsakiya shirme ne, mutum yana cika layi kawai. Can wajen ta goma sha huɗu zuwa sama, bayan rumbun aro ya ƙare, sai ka ga tambayar da ta fito daga abin da mutum ya gani da idonsa. Masu binciken ƙirƙira sun daɗe da lura cewa tunanin da ke zuwa daga baya ya fi na farko zama sabo. Matsalar ɗalibaina ita ce ba wanda ya taɓa tilasta musu wuce na farkon.

Sai aikin rukuni. Na raba su shida-shida na ce su tattauna tambayoyin, kowa ya faɗi abin da ya zo masa ba tare da suka ba, irin tsarin da Alex Osborn, wani mai harkar talla a Amurka, ya yayata. Na zagaya ajin na ga kowane rukuni mutum biyu ne ke magana, huɗu na kallo. Ashe tun 1958 wani gwaji a Jami'ar Yale ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, aka haɗa abin da suka samo, sun fi masu zama a rukuni yawan dabaru. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus suka nuna babban dalilin: mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, kafin layi ya zo kanka ka manta naka ko ka raina shi. Na juya tsarin. Minti goma na farko ba magana, kowa ya rubuta, ya miƙa wa na kusa da shi ya ƙara a kai, sai takarda ta zagaya sannan a buɗe baki.

A irin wannan zama ne tambayar wani yaro da ban taɓa jin muryarsa ba ta fito fili. Ita ce ta goma sha bakwai a jerinsa, kuma ya ja layi ya soke ta, na kusa da shi ne ya karanto ta ta cikin sokewar: me ɗalibi ke yi da takardar jinga a minti ɗaya na farko bayan an mayar masa? Na ce masa wannan ce. Ya ce, "Malam, ai wannan ba bincike ba ne, abu ne da kowa ya sani." Na ce to ya faɗa min amsar. Ya yi shiru. A makon ne kuma na haramta musu takardar tambayoyi na kwana bakwai, domin kowa da ita yake fakewa, na ce a nemo wata hanyar samun bayani. Hanin ya fi 'yanci amfani. Wasu suka koma lura da ido, wasu suka tono tsofaffin rajista, wata ta roƙi mutane su riƙa rubuta abin da suka yi kowace awa. Shi yaron nan, da izinin malamai da ɗaliban, ya zauna a bayan azuzuwa ranar mayar da jinga yana rubuta abin da ya gani: a duba maki, a leƙa na maƙwabci, a ninke.

Akwai wanda ya kwaɓe min gaba ɗaya. Na karanta aikin Manu Kapur, wanda ya yi gwaje-gwaje a makarantun Indiya da Singafo ya nuna cewa in aka bar ɗalibai suka yi kokawa da matsala kafin a koya musu hanyar warware ta, sun fi fahimtar hanyar in an zo koyarwa, ko da sun kasa a kokawar. Na ba su tarin alƙaluma a hargitse na ce su fitar da ma'ana, ban koya musu komai ba. Karon farko ya yi kyau, domin a zama na gaba na ɗauki hanyoyin da suka gwada ɗaya bayan ɗaya na nuna inda kowace ta tsaya, sannan na kawo ta littafi. Karo na biyu wani taro ya ɗauke ni, na bar su mako biyu cikin duhu, da na dawo kuma na wuce darasi na gaba saboda lokaci ya ƙure. Ajin ya yi fushi, kuma da gaskiyarsu. Wahalar da malami bai dawo ya ɗora gini a kanta ba wahala ce kawai. Na ba su haƙuri a gaban allo, na sadaukar da lakca ɗaya muka koma baya.

Wajen mako na takwas na yi abin da na fi jin nauyinsa. A 2010 wata masaniyar kimiyya, Melanie Stefan, ta ba da shawara a mujallar Nature cewa masu bincike su riƙa ajiye jerin abubuwan da suka nema suka rasa, kuma a 2016 Johannes Haushofer, yana koyarwa a Princeton, ya fitar da nasa duniya ta gani. Ni ban kai nan ba. Maƙalata ɗaya na ɗauko, wadda mujallu uku suka ƙi, na haska musu sharhin mai tantancewa a jikin allo, har da layin da ya ce marubucin bai fahimci hanyar da yake amfani da ita ba. Ni da ke koyar da hanyoyin bincike. Sai da na tsaya a gaban ajin sannan na ji irin abin da nake nema daga gare su kullum ba tare da na taɓa yi ba. Laifi tudu ne.

Ɗalibar nan ce ta ɗaga hannu, karo na farko a zangon. "Malam, ranar da suka rubuto maka haka, me ka yi?"

Amsar da ta dace da lakca tana bakina, cewa na zauna na gyara. Na haɗiye ta. Na ce na rufe kwamfutar, ban sake buɗe maƙalar ba sai bayan wata biyu, kuma a cikin wata biyun nan na yi ta tunanin ko aikin nan ba nawa ba ne. Na ce wani abokin aiki ne ya zaunar da ni muka karanta sharhin tare, muka ware wanda ke da gaskiya da wanda cin fuska ne kawai. Ba ta ce komai ba, ta rubuta wani abu. Na san kuma cewa nuna faɗuwa abu ne mai sauƙi ga wanda ya riga ya samu kujera, shi ya sa ban nemi kowa a cikinsu ya tona tasa a gaban aji ba.

Duk wannan tsari yana da iyaka, kuma wani ɗalibi ne ya nuna min ita. Bai kawo daftari na biyu ba, yana gyangyaɗi a aji, na riga na sa shi a sahun marasa himma. Da na kira shi sai na ji aikin dare yake yi don ya riƙe kansa, da rana kuma yana jinyar mahaifinsa. Wannan ba juriya ya rasa ba, ya fi ni ita nesa ba kusa ba. Tun daga ranar nake jin tsoron kalmar, domin sau da yawa ana amfani da ita a ce wa mutum ya ci gaba da ɗaukar kayan da bai kamata a ɗora masa ba. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka kai shekara arba'in. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da abin yi, kuma abin da ya yi ta bayyana a rayuwarsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya tsaya musu. Na haɗa yaron da ofishin ba ɗalibai shawara, na ƙara masa lokaci. Don kada sai mutum ya tona asirin gidansa kafin a tausaya masa, na ba kowa a ajin damar jinkirin kwana biyu sau biyu a zango, ba tambaya ba bayani. Na kuma mayar da wa'adin miƙa aiki daga safiya zuwa yamma, don na lura wa'adin safe kwana a zaune yake haifarwa. Wani gwaji a Jami'ar Lübeck a 2004 ya nuna waɗanda suka yi barci bayan sun fara wani aikin lissafi sun ninka waɗanda ba su yi ba fiye da sau biyu wajen gano gajeriyar hanyar da aka ɓoye a ciki. Ban ga hikimar neman sabon tunani daga kan da bai kwanta ba.

A ƙarshen zango makin ajin bai yi wani tashin a zo a gani ba, kuma mutum biyu sun ajiye kwas ɗin duk da haka. Abin da ya sauya wasiƙun nan ne. Yawancinsu sun bi duk shawarar da na bayar, har wadda na bayar a gajiye, abin da bai yi min daɗi ba. Kaɗan ne suka yi gardama. Ta ɗalibar nan tana cikinsu. Ta rubuta cewa ta bi shawarata ta farko, amma ta biyu, cewa ta ƙara yawan mutanen da za ta yi hira da su, ba za ta bi ba, domin tambayarta ta yadda abu ke faruwa ce ba ta yawan masu yinsa ba, kuma a lokacin da take da shi hira mai zurfi da mutum kaɗan za ta fi amsa ta. Na karanta sau biyu, na koma na duba tsokacin da na yi mata. Ita ke da gaskiya.

Aikin nata yana da wasu raunukan, 66 ta ci. Washegari na ji an ƙwanƙwasa ƙofa, na ɗago na gan ta da takardar a hannu, gabana ya ɗan faɗi. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe shafi na huɗu ta juyo min da shi.

"Malam, nan da ka ce ban nuna yadda zan zaɓi mutanen ba. Na yi tunanin hanya biyu jiya da dare, amma kowace da matsalarta. Kana da minti goma?"